Kada a sa mai firgita zaɓi tsakanin malam da likita

Wata huɗu ke nan da ƙanen mahaifiyata ya dawo Rawayya daga hannun 'yan bindiga, bayan an sayar da shanun huɗa an biya kuɗin fansa. Ƙafafunsa sun warke, amma barci ya gagara. Ko mai babur ne ya gifta ta bayan katanga, sai Kawu ya zabura, kofin shayi ya kife a tabarma.

Inna ta ce shafar aljanu ce, a kira malam. Ni kuwa, da ɗan bokona, na dage sai Gusau, in ta kama a wuce asibitin ƙwaƙwalwa na Kware. Mako biyu muna ja-in-ja, ba wanda ya tambayi mai ciwon.

Ma'aikaciyar da muka samu a Gusau ce ta sa na ji kunya. Tambayarta ta farko: "Baba, me ke kwantar maka da hankali?" Ya ce lazimin asuba. A kan wannan ta ɗora. Ta koya masa jan numfashi a hankali yana jan carbi. Ta bar shi ya riƙa ba da labarin daji kaɗan-kaɗan, gwargwadon abin da zuciyarsa za ta ɗauka. Da ya ce shi ya talauta gidan, ta tambaye shi ko da ɗansa aka sace zai ɗora masa laifin shanun. Ya daɗe bai ce uffan ba. Ta kira Inna ta nuna mata abin yi idan ya farka da gumi, likita kuma ya rubuta maganin ɗan lokaci.

Masana lafiyar ƙwaƙwalwa na kiran wannan haɗa hanyoyin jinya, wato a auna mutum a ɗinka masa, maimakon riga ɗaya ga kowa. Ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan: tun a 1954 Dakta Thomas Lambo ya fara ajiye majinyata tare da danginsu a ƙauyukan Aro, kusa da Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya.

Haɗawar tana da iyaka. Mari da bulala ba magani ba ne, ko wa ya riƙe su. Amma tunda an sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, ina ganin lokaci ya yi da Zamfara za ta horar da ma'aikatan ƙananan asibitocin Bunguɗu da Tsafe wannan aiki, a zauna da limamai su san wanda za su tura asibiti. Kuɗin motar Gusau kaɗai ya isa ya hana mutane irin Kawu komawa karo na biyu.