Katin Rigakafi Ya Riƙa Bin Yaro Duk Inda Ya Je

Ɗan kasuwar da ke kai albasa Anacha, ko mahaucin da ke Gariki a Inugu, ko mai shanu a Fatakwal, rabin shekararsa a Kudu yake yi, rabi a gida. Iyalinsa ma haka. Yaro ya karɓi allurar farko a Katsina, ta biyu ta zo suna Jihar Ribas, kati ya ɓace a mota, ma'aikaciyar asibiti kuma ba ta da inda za ta duba. Manhajar DHIS2 da jihohi ke tura alƙaluman lafiya a cikinta, jimillar aikin kowane asibiti take tarawa, shi ya sa irin waɗannan yara ke sulalewa ba a sani ba. Kuma yaya za a auna ingancin aiki da lissafin da ya bar matafiya a waje? Akwai hanyar gyara: Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware kuɗin kula da lafiya a matakin farko, kuma mun ga rawar da sarakuna suka taka har aka tabbatar da kawar da ƙwayar shan-inna ta daji a 2020. Don Allah kwamishinonin lafiya na Anambra, Inugu da Ribas su zauna da takwarorinsu na Arewa, su jawo sarakunan Hausawan garuruwan nan, a fitar da rajista ɗaya ta mata masu ciki da yara.