Wa Zai Riƙe Bolar Zango? Magana Kan Aikin da Muke Rainawa

Maudu'inmu na wannan makon ba mai ƙamshi ba ne, amma babu gidan da bai shafa ba. Magana ce ta shara, da mutumin da ake ɗora wa alhakin kula da masu kwashe ta.

A ƙasar nan tamu, idan aka ce an tura ma'aikaci sashen tsafta, sai ka ji abokansa na yi masa jaje kamar wanda aka yi wa horo. Wasu har da zolaya, su laƙaba masa Sarkin Bola. Ni kuwa ra'ayina shi ne, jami'in kula da shara yana cikin ma'aikatan lafiya mafiya amfani kuma mafiya arha da gari irin Zango zai iya samu, kuma aikin yana da gobe. Sai dai goben tasa ba za ta zo da kanta ba, sai an mayar da shi sana'a mai ilimi da lissafi da kuɗin shiga.

Mu fara da abin da dattawanmu suka sani. Tun zamanin En'e akwai duba-gari. Yakan shiga gida ya leƙa randa, ya duba masai, ya ga inda ruwan wanka ke bi. Idan aka ji yana unguwa, tsintsiya ba ta hutawa. Ba don ya fi kowa ƙarfi ake shakkarsa ba, sai don hukuma na bayansa, kuma maganarsa na kaiwa gaban alƙali. Daga baya, a mulkin soja na Janar Muhammadu Buhari, ɗan wannan masarauta, aka ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a a 1984, aka shigo da tsaftar muhalli cikinsa a 1985. Sharar Asabar ɗin ƙarshen wata da har yau ake yi a Kano daga can ta samo tushe. Shi ma Alhaji Sani Zangon Daura ya riƙe ma'aikatar gona, sannan ya riƙe ta muhalli a gwamnatin Obasanjo. Ke nan batun muhalli ba baƙo ba ne a gidanmu, bai kamata a ce mu ne masu yi masa kallon ƙasƙanci ba.

To mene ne ainihin aikin? Mutane da yawa sun ɗauka tsayawa ne a kan leburori ana daka musu tsawa. Ba haka ba ne. Jami'in kirki shi ne ya san yawan bolar da ke garinsa, da wadda ke cika cikin kwana uku da wadda ke kai mako biyu. Shi zai tsara unguwar da baro zai shiga, da wadda sai amalanke, da inda tifa za ta iya juyawa. Ya san washegarin kasuwa ba daidai take da sauran ranaku ba, kuma kwanakin Babbar Sallah suna zuwa da tumbi da jini da ƙashi waɗanda ba sa jiran gobe. Ya san yashe kwata da kwalbati aikin bazara ne, kafin ruwan farko ya sauka, ba bayan ruwa ya shiga ɗakunan mutane ba. Shi zai hana a kafa juji kusa da rijiya ko famfon burtsatse. Shi zai tabbatar allura da sirinji na asibiti da kemis ba su gauraya da sharar gida ba, domin yaran da ke tsince-tsince a bola ba takalmin kirki gare su ba. Kuma rayukan leburorinsa amana ce a wuyansa: safar hannu, takalmin roba, takunkumi, da allurar rigakafin sarƙewar haƙora ga masu taɓa tsohon ƙarfe da fasassun kwalabe. Wanda ke yin wannan duka ba ɗan aike ba ne, manaja ne.

Me ya sa abin ya zama na gaggawa yanzu? Saboda sharar ta sauya. A da abin da ke fita daga gida toka ne, da dusa, da ɓawon gyaɗa, da kashin awaki. Ƙasa ce ta ba da su, ita kuma ke cinye su. Yau leda ce ta yi mana yawa, da ledar fiya wata, da robar lemo, da kunzugun yara na kanti, da matattun batura na fitila da na sola. Leda ba ta ruɓewa. Ta toshe kwata ruwa ya kwanta, sauro ya samu gidan haihuwa. Akuya ta haɗiye ta, ta yi ta ramewa mai ita na ta sayen magani, sai ranar da aka yanka mahauci ya zaro dunƙulen leda daga tumbinta. Aka banka mata wuta kuma hayaƙin ya bi iska ya shiga ƙirjin jarirai da tsofaffi. Kada mu manta da shekarar 2021, lokacin da amai da gudawa ya kama sama da mutum 100,000 a Najeriya, ya kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki, har da tamu Katsina. Cuta ce da ke bin gurɓataccen ruwa da ƙazanta. Likita yana jiran maras lafiya a asibiti, shi kuwa mai kula da shara yana tare cutar tun a bakin kwata. Rigakafi ya fi magani, kuma ya fi shi sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba.

Wani zai ce a yi doka kawai a hana leda. Ruwanda ta hana a 2008 kuma ta tsaya a kan dokarta. Maƙwabtanmu na Nijar su ma sun kafa irin wannan doka a 2014, amma duk wanda ke shiga kasuwannin Magarya ko Matamaye ya san leda ba ta ji labarin dokar ba. Bambancin ba a takarda yake ba, a wurin mutanen da ke aiwatarwa yake. Doka ba tare da jami'i ba riga ce a rataye.

Yanzu mu zo kan tambayar da matasa za su yi: akwai ci gaba a aikin? Ina ganin ƙofa uku.

Ta farko ita ce ta gwamnati. Jadawali na huɗu na kundin tsarin mulkin 1999 ya sa kwashe shara da kula da banɗakunan jama'a cikin ayyukan ƙaramar hukuma. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Duk ranar da wannan hukunci ya zauna da gindinsa, uzurin babu kuɗi zai ragu, jama'a kuma za su fara tambayar wa ke da alhakin bolar bakin kasuwa. Sannan aikin yana da matakala. Tun 2002 akwai dokar tarayya da ta kafa majalisar yi wa jami'an lafiyar muhalli rajista, kamar yadda ake yi wa ma'aikatan jinya. Makarantun koyon aikin lafiya irin na Daura da Kankiya, da tsohuwar makarantar koyon tsafta ta Kano, duk suna kusa da mu. Daga ƙaramar hukuma mutum na iya kaiwa hukumar kare muhalli ta jiha, ko NESREA ta tarayya da aka kafa a 2007.

Ƙofa ta biyu ita ce ta manyan ma'aikatu. Daura ta samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, ga layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka tsara zai ratsa ta. Duk inda aka tara ɗalibai da fasinjoji da marasa lafiya, an tara shara, kuma dole a ɗauki wanda zai kula da ita ko a ba kamfani kwangila. Idan 'ya'yan Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa ba su da takardar aikin, daga wani wuri za a kawo masu ita, mu kuma mu koma muna ƙorafin an hana mu.

Ƙofa ta uku ita ce na fi ba muhimmanci, domin ba ta jiran takardar ɗaukar aiki. Shara dukiya ce idan an rarrabe ta. Manoman kewayen birnin Kano sun daɗe suna shiga gari da jakuna da mangala suna kwasar shara zuwa gona, abin da ya taimaka musu suna noma fili ɗaya shekara da shekaru. Ƙasarmu ta jigawa ta fi kowace buƙatar wannan, domin rairayi ba ya riƙe ruwa sai da takin gida, ga shi buhun takin zamani ya fi ƙarfin talaka. Abin da ya ɓata takin bola a yau leda ce da kwalba da batir. Duk wanda ya iya shirya mutane su tsince waɗannan, ya tara sauran da toka da kashin dabbobi, yana yayyafa ruwa yana juyawa har ya ruɓe cikin 'yan watanni, to yana da hajar da manomin Yardaje ko Rogogo zai saya da murna. Ƙarfe da dalma kuwa 'yan gwangwan sun riga sun nuna mana kuɗi ne, roba ma tana da masu saye a masana'antun Kano. Abin da babu shi ne mai tsarawa.

Ban ce hanyar shimfiɗaɗɗiya ba ce. Albashin ƙaramar hukuma ba ya kai wata. Mutanenmu ba su saba biyan kuɗin kwashe shara ba, sun fi son a ba yaro ya watsa a kwata da dare. Siyasa na iya sa a ɗora wanda bai san aikin ba a kan wanda ya karanta shi. Ga kuma gorin da za a sha, har wajen neman aure. Duk gaskiya ne. Amma sayar da ruwan leda da cajin waya ma an raina su da farko, yau ga masu su da gidaje. Kuma magidancin da ke ganin kuɗin shara asara ne, ya lissafa abin da zazzaɓi ke ci masa a kemis kowace damina.

Saboda haka ina da roƙo. Ga ƙaramar hukuma: a ɗora mai ilimin aikin, a ba shi kayan aiki, a kuma nemi rahoto a rubuce duk wata, bola nawa aka kwashe, kwata nawa aka yashe. A ware fili a bayan gari, nesa da ruwan sha, don tara shara da yin taki. Ga iyayen ƙasa, hakimai da dagatai da masu unguwanni, da malamanmu a kan mumbari: ku ne ƙarfin da duba-gari ya dogara da shi a da, ku mara wa na yau baya. Ga matasa kuma, musamman masu takardar sakandare da ke zaune a majalisa ana jiran aikin ofis: baro biyu, shebur, manjagara da yardar mai unguwa sun isa a fara da layi ɗaya. Wanda ya iya riƙe layi ɗaya da gaskiya, gobe shi za a nema idan ana cigiyar mai riƙe gari.

Muna yawan cewa tsafta cikon addini ce. In da gaske muke, to bai dace mu riƙa wulaƙanta wanda ya ɗauke mana nauyinta ba.

Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa mu ga damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.