Gidan mai ya rufe, tankinsa na nan a ƙasa

A watan Nuwamban 2019 hukumar kwastam ta hana kai mai ga gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga kan iyaka. Daga Jibiya zuwa Illela da Maigatari, gidajen mai da dama suka yi tsit. Cire tallafin mai a Mayun 2023 ya ƙara durƙusar da wasu ƙananan dillalai. Yau matafiyi zai ga famfo ya yi tsatsa, awaki sun kwanta a inuwar rumfa, wani wurin ma an yanka filin an yi shaguna. Tankunan da aka binne kuwa suna nan, ba mai tuna su.

Tankin da ake cewa ba komai a cikinsa ya fi cikakke haɗari. Fetur ba ya kama wuta sai tururinsa ya gauraya da iska, kuma a tankin da aka kwashe ne wannan haɗi ke samuwa. Tartsatsi ɗaya daga mai walda da 'yan gwangwan suka ɗauko ya isa ya tarwatsa shi.

Ɗaya ɓarnar ba ta da ƙara. Ƙarfe yana ruɓewa a ƙasa, ragowar mai ta riƙa tsiyaya har ta kai ga ruwan rijiya da burtsatse. A cikin fetur akwai sinadarin benzin, mai haddasa sankarar jini, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta yarda ya wuce maikirogiram 10 a litar ruwan sha ba.

Amurka ta ɗanɗana kuɗarta. A 1996 birnin Santa Monica ya rufe rijiyoyin da ke ba shi kusan rabin ruwan shansa, saboda sinadarin MTBE da ya zubo daga tankunan mai. Tun 1984 ƙasar ta yi doka kan tankunan ƙarƙashin ƙasa, a 1986 ta kafa asusun gyara da ɗan harajin da ake cira a kowane galan, a 1988 kuma ta ba masu tsofaffin tankuna shekara 10 su gyara, su sauya, ko su rufe. Duk da haka, yoyon da aka tabbatar ya haura rabin miliyan.

Aikin cire tanki ba sihiri ba ne, sai dai ba ya son gaggawa. A zuƙe mai da dattin da ya kwanta, a kore tururin da iskar naitirojin ko busasshiyar ƙanƙara, a auna da na'ura, sannan a tona a ɗaga. Ƙasar da ke ƙarƙashinsa a kai ta ɗakin gwaji. In ta gurɓata, a kwashe ta. Inda gini ya hau kansa, sai a wanke shi a cika da yashi ko kankare. Mayar da shi ma'ajiyar ruwa, don wai an wanke da omo, ganganci ne.

A nan gida, hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke ba da lasisin buɗe gidan mai. Ya kamata ta riƙe rufewa da irin wannan muhimmanci: mai gida ya ajiye kuɗin tono tun ranar karɓar lasisi, ma'aikatun ƙasa na jihohi kuma su ƙi sa hannu kan sayar da filin sai an nuna takardar cire tanki da sakamakon gwajin ƙasa.