Giya ke riƙe mota a gangare, ba birki ba

Kaka ta yi a Damargu. Wani gero ya shiga rumbu, wani kuma ya kama hanyar kasuwa. Daga ƙauyukan Tarka da na Olelewa, motocin a-kori-kura ne ke kwasar buhuna zuwa Belbeji da Tanut da Bakin Birji. Da zarar an bar kwaltar Damagaram zuwa Agadas, yawancin hanyoyinmu turbobi ne cikin rairayi. A hau tudu, a gangara kwari. A kan gangaren nan ne muke da magana.

Akwai wata ɗabi'a da muke gani wajen waɗansu direbobi. In sun iso bakin gangare, sai su cire giya, su saki mota ta tafi da kanta. Wani ma har ya kashe inji, wai yana tattalin mai. Mu dai a ganinmu wannan ganganci ne.

Ga dalili. Idan mota tana cikin giya ta ɗaya ko ta biyu, injin ne ke riƙe ta, kamar yadda akala ke riƙe raƙumi. Idan aka cire giya, nauyin duka ya koma kan birki. Birki kuwa guga yake yi, guga kuma tana kawo zafi. In gangaren ya yi tsawo, birkin zai yi zafi har ya daina kamawa sosai. In kuma inji a kashe yake, abin ya fi muni, domin injin ne ke ƙara wa birki ƙarfi. Bayan taki biyu ko uku, sai birkin ya sandare ƙarƙashin ƙafa. Man da aka tsimi bai cika kofin shayi ba.

Direban kirki tun yana bisa tudu yake tsayawa. Nan zai sa ƙaramar giya. In motar mai ja da ƙafa huɗu ce, nan zai haɗa su, ba sai ya kai tsakiya ba. Sa'an nan ya fuskanci gangaren sak, ya ɗauke ƙafarsa daga kuloci, ya riƙa taɓa birki kaɗan-kaɗan. Kada ya karkata. A cikin rairayi, in aka danne birki da ƙarfi, ƙafafun gaba sukan nutse, baya ya juyo, motar ta kife.

Amma laifin ba na direba ne shi kaɗai ba. Mu fasinjoji muna da namu. Toyota Hilux an ƙera ta don ɗaukar kimanin tan 1, wato buhu 10 masu kilo 100. Wa ya taɓa ganin an tsaya nan ranar kasuwa? A ɗora buhuna har su wuce kan direba, a ɗaure awaki, mu kuma mu haye bisa, mata da goyo, tsofaffi da sanduna. Duk yadda kaya suka yi tsawo, haka mota ke saurin kifewa, kuma na bisa su ne ke fara faɗuwa. Daga cikin daji zuwa asibitin Tanut tafiya ce mai nisa ga wanda ya karye.

Saboda haka in an zo gangare mai tsanani, mu sauka mu taka da ƙafa. Yaron mota ya wuce gaba ya duba gindin kwarin, domin ruwan damina yakan yanke turba, ya bar rami inda bara babu. Kada mu ce da direba matsoraci don ya tsaya. In kuwa muka ji ya kashe inji a kan tudu, mu buga masa rufin mota, mu ce ya tada shi tukuna.