RA'AYI: A Abuja ake zaftare kasafin ilimi, a Tina Junction ake ganin tabonsa

Duk wanda ya tsaya a mahaɗar Tina Junction da ke Jos da sanyin safiya zai ga Keke Napep jere-jere, da masu POS a ƙarƙashin lema, da masu cajin waya, da samarin da ke jiran wanda zai kira su aikin yini. A cikinsu ba a rasa masu difloma ko digiri da suka adana takardunsu a ƙasan akwati. Neman halal ba abin kunya ba ne. Abin dubawa shi ne yadda garin da ke cike da cibiyoyin horaswa na Gwamnatin Tarayya yake yaye matasa masu takarda a aljihu, babu sana'a a hannu.

A Jos ne hedikwatar Asusun Horas da Ma'aikatan Masana'antu, ITF, wanda aka kafa a 1971. Jami'ar Jos ta tsaya da ƙafafunta tun 1975. Ga Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa, ga Kwalejin Gandun Daji, ga Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi a Vom. Gine-ginen suna nan, ma'aikatan suna nan. Abin da ke ƙaranci shi ne kuɗin da ke sa injin ɗakin gwaji ya juya, kuma a teburan Abuja ake yanke wannan hukunci.

Zaftare kasafi iri uku ne, kuma ɗaya kaɗai ke fitowa a kanun labarai. Na farko shi ne na fili. A 2020, da annobar korona ta karya farashin ɗanyen mai, daftarin gyaran kasafin da aka kai majalisa ya rage kason ilimin bai-ɗaya daga kusan naira biliyan 111 zuwa kusan biliyan 51. Wannan kowa ya gani, an kuma yi ta ce-ce-ku-ce a kansa.

Na biyu shi ne wanda tsadar rayuwa ke yi a ɓoye. Daftarin kasafin 2025 ya ware wa ilimi kimanin naira tiriliyan 3.5, adadin da ya fi na shekarun baya a takarda. Sai dai kafin tsakiyar 2023 dalar Amurka ba ta kai naira 500 a farashin gwamnati ba, daga baya ta haura 1,500. Galibin injinan koyon aiki da sinadaran gwaji daga waje ake shigo da su. Haka kuma a Afrilun 2024 kuɗin lantarkin rukunin A ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225. Shugaban makarantar da aka ƙara wa kaso a takarda na iya wayar gari ya tarar abin da zai iya saya ya ragu.

Na uku shi ne rashin sakin kuɗin da aka riga aka amince da su. Ɓangaren manyan ayyuka na kasafin 2024 sai da aka tsawaita wa'adinsa har zuwa ƙarshen Disambar 2025. Kuɗin da bai iso a kan lokaci ba tamkar wanda aka soke ne ga ɗalibin da shekarar karatunsa ba ta jiran kowa.

A duk nau'o'in uku, wuri ɗaya wuƙar ke sauka. Ba a taɓa kuɗin biyan bashi, wanda ya haura tiriliyan 14 a kasafin 2025. Ba a cika taɓa albashi ba, don gudun yajin aiki. Abin da ya rage shi ne kuɗin gudanarwa da na kayan aiki: man janareta, ƙarfen da ɗalibin walda zai gwada hannunsa a kai, motar kai ɗaliban ma'adinai daji su ga dutse da idonsu. Malami zai shiga aji, za a yi jarrabawa, za a ba da takarda. Aikin hannun ne kawai za a tsallake, kuma ba ya fitowa a rahoton kowace ma'aikata.

Shirin SIWES, wanda ITF ta ƙirƙiro a 1973 don tura ɗalibai masana'antu su koyi aiki, ya isa misali. Shekara da shekaru alawus ɗin ɗalibi ya tsaya a naira 2,500 a wata, wato 15,000 a wata shida, shi ma sau da yawa sai bayan an gama ake ganinsa. Mafi ƙarancin albashi kuwa ya kai 70,000 tun 2024. Ɗalibin da ke zaune a Dutse Uku aka tura shi wani kamfani a Bukuru, wannan kuɗi ba zai kai shi mako guda a mota ba. Ɗan mai hali zai je ya koya. Ɗan talaka zai nemi inda za a buga masa hatimi a littafinsa, ya koma kan Keke.

Jos ta san ƙarshen irin wannan tafiya. A farkon shekarun 1980 aka buɗe kamfanin mulmula ƙarfe na garin, tare da takwarorinsa na Katsina da Osogbo, kowanne da ƙarfin fitar da tan 210,000 a shekara. Tsuke bakin aljihun da ya biyo baya, musamman daga shirin SAP na 1986, da durƙushewar kamfanin Aladja mai ba su ɗanyen kaya, sun bar injinan suna tsatsa. Ƙwararrun da aka horar sun watse, yaran da za su koya a hannunsu ba su samu ba. Injin ana iya sayo sabo idan kuɗi ya samu, amma gwanin da ya tsufa bai koya wa kowa ba ya tafi da abinsa. Shi ya sa a yau, a gine-ginen Abuja kanta, masu kwangila ke neman masu sa tayil da silin daga Togo da Jamhuriyar Benin, kuɗin aikin na tsallaka iyaka.

Masu kare gwamnati za su ce da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma kuɗin shiga bai wadata ba. Gaskiya ne. An kuma ga yunƙuri: asusun lamunin ɗalibai na NELFUND ya fara aiki a 2024, kuma a 2025 Ma'aikatar Ilimi ta sanar da karatu kyauta da alawus ga ɗaliban kwalejojin fasaha. Amma lamuni kuɗin makaranta yake biya, ba ya kunna injin. Kuma kason ilimi na kusan kashi 7 cikin 100 a daftarin kasafin 2025 bai kai rabin kashi 15 zuwa 20 da ƙasashe suka amince da shi a taron Incheon na 2015 ba. Ƙarancin kuɗi ma shi ne dalilin da ya sa ya kamata a zaɓi inda za a yanka da idon basira.

A nan ne nauyi ya hau kan daraktoci da jami'an kasafi da hadiman ministoci da na 'yan majalisa, domin su ke tsara takardar da mai gida zai sa wa hannu. Abubuwa uku suna hannunsu. A ware kuɗin kayan koyon aiki a layinsa na daban, a sa shi cikin waɗanda ake fara saki a farkon shekara. A ɗaure alawus ɗin SIWES da mafi ƙarancin albashi, a riƙa biya wata-wata ɗalibi na bakin aiki. Sannan kowace ma'aikata ta riƙa wallafa abin da ta saki wa kowace makaranta duk wata uku, domin a daina auna gwamnati da abin da ta yi alkawari.

Unguwannin da ke kewaye da Tina Junction sun ɗanɗana tashin hankali, ciki har da na watan Mayun 2019. Rikicin Jos yana da saiwoyi da yawa, kuma zaman banza ba shi kaɗai ne sila ba. Amma duk mai neman haya don tada fitina ya san inda ake samun saurayin da ba shi da shagon da zai ji tsoron a ƙona. Kuɗin da aka hana ɗakin koyon walda a bana, gwamnati za ta biya shi baɗi a kasafin tsaro, har da riba.