Masu Zargin Nintendo Da Rowa, Ku Dakata

Ana yawan zargin kamfanin Nintendo na Japan da rowa, wai ya ƙi karya farashin tsofaffin wasanninsa. Mu dai ba mu yarda ba.

Mario Kart 8 Deluxe ya fito a 2017 a kan dala 60 a Amurka. Shekaru suka shuɗe farashin yana nan daram, sai ɗan rangwame jefi-jefi, amma an sayar da fiye da kwafi miliyan 60. Wanda hajarsa ke tafiya haka, me zai sa ya rage? Ga shi Mario da Zelda nasa ne shi kaɗai, ba a samunsu a PlayStation ko Steam.

Kamfanonin da ke zabtare rabin kuɗi bayan 'yan watanni su suka koya wa mai saye jira. A 1983 wasanni marasa inganci suka cika shagunan Amurka, farashi ya faɗi warwas, har Atari ya binne kayan da suka yi kwantai a Alamogordo. A kan wannan kangon Nintendo ya kafa kasuwarsa a can.

Gaskiya ne, tsadar tana hana mai ƙaramin ƙarfi saye. Amma mu da ke sayar da littafi a WhatsApp mu sani: in muka rage kuɗi bayan sati biyu, wanda ya fara saye zai ji an cuce shi, littafi na gaba kuma shi ma jira zai yi.