Afuwa Ga Wa?

'Yan'uwa ɗalibai, a ƙasar nan mutum biyu za su fito daga kurkuku ɗaya, ɗaya ya tarar da 'yan rakiya da makaɗa, ɗaya kuwa ya tarar da tambarin "tsohon fursuna" wanda zai bi shi har kushewa.

Tsarin Mulkin 1999 ya ba Shugaban Ƙasa ikon yin afuwa a sashe na 175, bayan ya shawarci Majalisar Ƙoli ta Ƙasa, ya kuma ba gwamnoni irinsa a sashe na 212. Cikakkiyar afuwa tana wanke mutum, ta mayar masa da haƙƙinsa na neman aiki da tsayawa zaɓe. To, su wa ake wankewa? Salisu Buhari, wanda ya hau kujerar Kakakin Majalisar Wakilai da takardar jabu, ya sami tasa a 2000. Alamieyeseigha na Bayelsa ya samu a 2013. Dariye na Filato da Nyame na Taraba, waɗanda kotu ta ɗaure saboda cin dukiyar jama'a, suka samu a 2022. Jam'iyya ta canja, hali bai canja ba!

Yaron da aka ɗaure wata shida saboda satar akuya fa? An ce ya ɗaukaka ƙara. Da wane lauya? Da kuɗin wa? Sau da yawa kafin a kai ga sauraron ƙarar ya gama zaman wa'adinsa. Ranar da ya nemi aikin gwamnatin tarayya kuwa, dokokin aiki sun hana a ɗauki wanda kotu ta taɓa samu da laifi sai da iznin musamman na hukumar ɗaukar ma'aikata. Wa zai nema masa?

Abin takaici, Ingila wadda muka gaji dokokinta ta yi doka tun 1974 cewa ƙaramin laifi yana shafewa da kansa bayan wasu shekaru, muddin mutum bai sake ba. Ba sai ya san minista ba.

Irin wannan doka muke nema daga Majalisar Tarayya da majalisun jihohi: a yanke wa'adi, a rubuta shi, kowa ya san ranar da sunansa zai fita daga littafin 'yan sanda. Kafin nan, duk sa'ad da aka yi afuwa, a buga sunayen da dalilin kowanne, mu gani.